Gidan 'yar tsana ya koya min kafinta, ku yi ta dariya

1/ Jiya na ɗora hoton ɗan gidan katakon da na yi wa autarmu, sai wani ya ce min "ƙato da kai, ɗan jami'a, ka ɓige da wasan 'yar tsana?" To ga amsata. Ra'ayina shi ne duk mai son koyon kafinta da irin wannan ya kamata ya fara, ba kujera ko gado ba. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Abin ya faro ne a yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata 8 cur ina gida a Tofa, daga gona sai gindin bishiya da waya. Na gaji, na je wurin wani kafinta a unguwarmu na ce ina son koyo. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan boko, ka iya awo?" Na ce sosai ma, Baba. Ashe ƙarya nake.

3/ Bai ba ni katako mai kyau ba, kuma da gaskiyarsa. Falanki kuɗi ne, sai an je 'Yan Katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo an sayo, ga kuɗin mota. Wa zai ba sabon shiga ya ɓata? Shi ya sa yaron shago kan daɗe yana shara da miƙo ƙusa kafin ya taɓa zarto. Ni guntayen da ake zubarwa a bayan shago ya nuna min.

4/ Hujjata ta farko kenan: kuskurenka ba zai ci kuɗin kowa ba. Ka ɓata, ka jefar, ka ɗauki wani.

5/ Ta biyu ita ce babba. Ɗan ƙaramin gida ba ya rufa wa kowa asiri. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne 1:12, wato inci 1 a madadin ƙafa 1. Ɗaki mai ƙafa 12 zai dawo inci 12. A irin wannan girman, ka kuskure rabin inci daidai yake da magini ya kuskure inci 6 a gini. Ido zai gani nan take.

6/ Ni abin da ya kayar da ni kaurin katako ne. Na yanka ƙasan ɗakin inci 12, na manta bango biyu za su zauna a kansa, kowanne rabin inci. Ɗaki ya koma 11, ɗan gadon da na riga na haɗa ya ƙi shiga. Baba ko uffan bai ce ba, tef kawai ya miƙo min.

7/ A nan na koyi cewa zarto ma yana cin nasa kaso, don haka a gefen layi ake yanka, ba a kansa ba. Na koyi auna kusurwa zuwa kusurwa: in biyun ba su zo ɗaya ba, gidanka a karkace yake. Ƙusa kusa da baki tana tsaga katako, sai ka dakushe tsininta da guduma tukuna. Gam ne ke riƙewa, ƙusa taimako take yi kafin ya bushe. Duk wannan shi ake yi a kabad da wadirob, girma ne kawai ya bambanta.

8/ Masu cewa wasan yara ne: a fadar Windsor ta Ingila akwai gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary, an kammala shi a 1924. Edwin Lutyens, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara birnin New Delhi, shi ya zana shi, a ma'aunin 1:12, har da lantarki da ruwan famfo.

9/ Amma ni ban kwaikwayi nasu ba, kuma ina roƙonku kar ku kwafo na YouTube mai bene da ruwan hoda. Nawa yana da zaure, tsakar gida, ɗakuna 2, madafa, da rumbu da na yi da gwangwanin madara da hular ciyawa. Yarinya na gani ta ce "ga ɗakin Inna." Wallahi wannan ya fi min komai daɗi.

10/ Kuma mu daina yi kamar baƙon abu ne. Waye a cikinmu bai yi motar kara ko ta langa-langa ba bayan an yanke dawa? 'Yan mata na yin 'yar tsana da kara, har biki ake mata. Mun girma ne muka fara jin kunyar aikin hannu.

11/ Na yarda da abu ɗaya da masu suka ke faɗa: ba zai kawo maka kuɗi ba, a ƙauyenmu dai. Mutumin da ke lissafin kuɗin taki ba zai sayi gidan wasa ba. Kuma ba zai koya maka haɗin da ke ɗaukar nauyin mutum ba, wannan sai a benci da kujera. Matakin farko ne kawai. Amma bayan shi na yi ɗan teburin karatun da nake amfani da shi a makaranta har yau, bai taɓa girgiɗi ba.

12/ Kuskure ɗaya da na yi: ni kaɗai na yi aikin, ita tana gefe tana kallo. Makon jiya ƙofar zauren ta cire, na ɗauko guduma, ta ce "Yaya, ba ni in gwada." Na riƙe mata ƙusar ina addu'a. Sau biyu ta sami yatsana, a na uku ta sami ƙusar.