Tausa magani ce, amma tana da iyaka



A makon jiya na je Bangi, cikin gundumar Madawa, gaishe da kawuna. Na tarar da shi kwance bisa tabarma, ƙugu ya riƙe shi bayan kwana uku yana duƙe yana dashen albasa a garka. Kusa da matashinsa ga katin ƙwayoyi da ya saya wurin mai talla, ya sha rabi, ciwo bai motsa ba.

Da la'asar wani dattijo maƙwabcinsa ya zo da man kaɗanya. Ya fara gasa masa baya da tsumma da ruwan ɗumi. Sa'an nan ya shafa mai, yana jan tafin hannu a hankali daga ƙugu zuwa kafaɗu, har nama ya saki. Daga nan ya shiga murza naman da ke gefe biyu na ƙashin baya, bai taɓa ƙashin kansa ba. Inda ya ji nama ya ƙulle, sai ya danna da babban yatsa, ya tsaya kaɗan, ya saki, yana tambaya: "Malam, ya yi yawa?" Aikin bai wuce minti 15 ba. Washegari kawu ya yi sallar asuba a tsaye.

Wannan ciwo ba na kawu ba ne shi kaɗai. Masu garka na fadamun Madawa sun san shi, masu jan guga a rijiyoyin Buza sun san shi, haka matan Kaita da suka ɗauki duwatsu a ka tun da aikin raya karkara na Kaita ya soma a 1984. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce mutum miliyan 619 suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020. A watan Disamba na 2023 ta fitar da shawarwari game da ciwon ƙugu mai daɗewa, ta kuwa sa tausa cikin abubuwan da ke iya kawo sauƙi, tare da motsa jiki. Tausa tana sassauta naman da ya ɗaure, ba ta ci ciki, ba ta taɓa ƙoda. Diklofenak da ake sha ba ƙa'ida yana iya yin duka biyu, taramol kuwa kama mutum yake yi har ya kasa bari.

To, amma fa hannun da ke warkarwa shi ne ke ɓatawa in ya wuce gonarsa. Ba a tausa inda ake zaton karaya. Ba a tausa sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi, musamman ga mai jego, domin jini na iya daskarewa cikin jijiya, murza kuwa ta tura gudan zuwa huhu. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi da rama, ko da ƙusumbi da ke fitowa, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi. Idan ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, babu sauran jira. Haka yaron da aka yi wa ɗori, yatsunsa suka kumbura suka yi sanyi: a kwance ɗaurin nan take, a kai shi likita, tun kafin a kai ga yanke hannu. Likitar Bangi tana kusa, ga ta Madawa, ga asibitin Galmi da ke aiki tun 1950.

Kirana ga hukumomin kiwon lafiya na jahar Tawa shi ne: kamar yadda aka taɓa horar da ungozomomi na ƙauyuka, a tara masu tausa da maɗora, a koya musu waɗannan alamu. Su talaka ke fara nema, su ya kamata su fara cewa: "Wannan ba aikina ba ne."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.