Kangon Dungurum Na Jiran Alƙalaminmu

Kullum labaranmu a katafaren gidan Abuja ko Dubai suke, alhali ga Zungeru, wadda kakanninmu ke kira Dungurum, a Jihar Neja. Ita ce hedkwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa tun 1902, kafin su koma Kaduna. Yau gidan Gwamna Lugga da ofisoshinsa kango ne, ciyawa ta cinye. Lugga na zaune a nan sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Su wa suka yi dakon bulon ginin a ka? Wane malami ya rubuta wa sarakuna wasiƙun Lugga da Larabci, kuma yaya ya kwana? Ga labari, mun bar shi.

Mu je da rani, dattawan gari su raka mu. Da damina macizai ne masu gidan.