Ku Bar Yaron Nan Ya Zana Jirginsa

Ɗan yayata shekararsa 19, kuma tun yana firamare babu abin da ke ɗauke masa hankali kamar jirgin ƙasa. Da na bar masa tsohuwar kwamfutata, sai ya sauke Blender, manhajar zane ta kyauta, ya shiga zana kawunan jirage. Ba kwaikwayon waɗanda ke kan layi yake yi ba, haɗawa yake yi. Ya ɗauko tukunyar tururi ta jirgin zamanin Turawa ya ɗora mata hannun ƙarfen da ke shafar wayar lantarki daga sama, ko ya raba kai ɗaya gida biyu, gaba injin dizal, baya tarin batura.

Ranar da ya nuna mai tururi da lantarkin nan a majalisar ƙofar gidanmu, dariya aka yi. Wani ya ce haɗin gambiza ne. Wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, babu irin wannan jirgi a duniya. Wani abokin sana'ata, wanda ya kamata ya fi kowa sani, ya ce masa: "Kai yaro, mako uku a kan abin da AI zai yi maka cikin daƙiƙa goma?" Yaron ya rufe kwamfutar, ya yi wata guda bai buɗe zanen ba. Wannan watan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da mai cewa ƙarya ce. Rashin sani ya fi dare duhu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kwal ya yi wa Suwizalan wuya, amma tana da wutar lantarki daga madatsun ruwa, kuma wayoyi na bisa layukanta. Sai hukumar jiragen ƙasarsu ta ɗauki ƙananan kawunan tururi guda biyu, ta ɗora musu hannun da ke jawo wuta daga waya, wutar ta riƙa tafasa ruwan tukunya, tururi ya riƙa tura ƙafafu. Abin da aka yi wa dariya a ƙofar gidanmu ya taɓa jan taragai a kan ƙarfe. Da na tambayi yaron ko ya san wannan, sai ya ce: "Na sani, Kawu, amma ba zan yi musu da manya ba." Ladabinsa ya rufe masa baki, jahilcinmu ya samu fili.

Ba su kaɗai ba ne. A shekarun 1890 wani injiniya a Faransa, Jean-Jacques Heilmann, ya ƙera kan jirgin da injin tururi ke juya janareta, janareta ya ba motocin lantarki wuta, su kuma su juya ƙafafu. A shekarun 1920 kamfanin Kitson da ke Leeds a Ingila ya gina kan da ke tashi da tururi, in ya ɗauki gudu dizal ya karɓa, zafin injin dizal ɗin kuma ya taimaka wajen dafa ruwan tukunya. Dalilin haɗin a fili yake: injin dizal ba ya iya tayar da kaya mai nauyi daga tsaye sai da wani abu a tsakaninsa da ƙafafu, tururi kuwa yana bayar da ƙarfinsa tun daga motsin farko. Jirgin Kitson bai ci kasuwa ba, kamfanin ma ya durƙushe a 1934. Dabarar Heilmann ce ta rayu, bayan an cire tururi an sa dizal a gurbinsa. Duk wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna tun buɗe layin a 2016, kan da ya ja shi injin dizal ne ke juya janareta, lantarki ke juya ƙafafu. Wato masu zagin gambiza, gambiza ce ke kai su gida.

Har yau ba a daina haɗin ba. A 2021 kamfanin Wabtec ya gwada kan jirgi mai batir zalla, FLXdrive, a jihar Kalifoniya ta Amurka, an sa shi tsakanin kawunan dizal biyu, yana tara wuta duk lokacin da aka taka birki. Kamfanin ya ce man da aka ƙona ya ragu da sama da kashi 11 cikin ɗari.

Sai abokin sana'ata da daƙiƙoƙinsa goma. Manhaja nake rubutawa, da ita nake ci da iyalina, kuma ina amfani da ƙirƙirarriyar basira kusan kullum. Don haka na san abin da take bayarwa in ka ce ta zana maka kan jirgi: hoto mai sheƙi, hayaƙi mai kyau, amma sau da yawa sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafu ba ta kama komai ba, bututu ya fito daga inda babu tukunya. Ta san kamannin jirgi, ba ta damu da ko zai motsa ba. Shi kuwa yaron, mako ukun nan tambayoyi yake amsawa. Ina nauyin baturan zai sauka, a kan ƙafafu nawa? Ta ina iska za ta shiga ta sanyaya su a zafin watan Afrilu? Direba zai hangi layi ta saman wannan tukunya? Akwai zanen da ya rushe ya sake daga tushe, don ya tuna cewa tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 na sabon layi ba, kuma kan da ya zana ya yi wa tsohon layin girma. Hoton da ya fito a ƙarshe shaida ce kawai. Aikin yana cikin kansa, kuma babu injin da zai yi masa shi.

Ba na cewa kowane zanen haɗi abin yabo ne. Akwai masu manna hancin wannan jirgi a jikin wancan don kawai ya ba da mamaki. Ba na kuma cewa zane ƙira ne. Tsakanin allon kwamfuta da masana'anta akwai shekarun karatu da lissafi da kuɗi. Wanda zai soki yaron ya soke shi a nan. Ya ce masa tukunyarka ta yi nauyi a gaba, ya ce masa dafa ruwa da lantarki asarar wuta ce tunda motar lantarki ta fi tururi tattali, shi ya sa Suwizalan ba ta wuce kai biyu ba. Wannan suka ce mai gina mutum. Dariya ba ta buƙatar sanin komai.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne bakinmu biyu. Kullum muna kukan cewa komai sai an kawo mana daga Sin, daga kan jirgi har ƙusar layi, muna tambaya yaushe namu za su ƙera. Amma in yaro ya zauna yana tunanin yadda ake haɗa inji da inji, mu ne na farko da za mu tambaye shi nawa abin zai kawo masa. Ana shimfiɗa layi daga Kano zuwa Maraɗi. Wata rana za a nemi masu gyara kawunan da za su bi ta kai, da masu zaɓar irin wanda za a saya. Daga ina za su fito, in ba daga cikin yaran da suka ƙaunaci abin tun ba a biyan su ba?

Makon jiya ya sake buɗe kwamfutar. Yana zana kai mai dizal da batir, mai manyan matatun iska saboda ƙurar hunturu. Na leƙa na ce masa tagar direba ta yi ƙanƙanta. Ya dube ni ya ce: "A'a, Kawu, da gangan ne, saboda rana." A karo na farko ya yi musu da babba, kuma shi ke da gaskiya.