Gargaɗin da Bai Kai Ƙofar Gida Ba

A daren 9 zuwa 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Da yawa sun farka ruwa ya riga ya shigo ɗaki.

Ba masu hasashe aka rasa ba. Kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA kuma tana bayyana jihohin da ambaliya ke iya shafa. Amma hasashen shekara ba ya gaya wa magidanci a Gwange sa'ar da zai tashi da iyalinsa, ko inda zai nufa.

A nan gyaran yake. A sa mai duba tsayin ruwa dare da rana, ya kira masu unguwanni kai tsaye. Rediyo ya sanar da Hausa da Kanuri. A yarda da bugun ƙararrawar ikilisiya da kiran lasifikar masallaci wanda kowa ya san ma'anarsa: a fita.

'Yan'uwa, kafin damina mu zauna da maƙwabta, mu zaɓi tudun taruwa, mu san wanda zai ɗauko tsofaffi da marasa lafiya.