Tsadar kifin ƙanƙara: Laifin dala ne kaɗai, ko teku ce ta fara gajiya?

Duk lokacin da katan ɗin kifin ƙanƙara ya ƙara kuɗi a kasuwannin Kano, Kaduna ko Abuja, amsar da dillalai ke bayarwa ɗaya ce: dala ta tashi. Akwai gaskiya a cikin maganar, musamman tun watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Sai dai a bayan batun canji akwai wata matsala da ta fi shi zurfi. Kifin da kansa yana raguwa a tekunan da Najeriya ta dogara da su, na nesa da na kusa.

Alƙaluman da gwamnati kan ambata sun nuna ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai kai rabin haka ba. Da kifin waje ake rage wannan giɓi: taitus, shawa, kote da fanla, sai busasshen kifin da ake kawowa daga Norway. A Arewa dogaron ya ƙaru ne bayan da rikicin Boko Haram ya durƙusar da cinikin bandar kifi daga Baga da sauran garuruwan Tafkin Chadi.

Rumbun waje ya fara yin ƙasa

Kaso mai yawa na taitus ɗin da ake ci a Najeriya daga arewa maso gabashin Tekun Atlantika yake fitowa. Shekara da shekaru ƙasashen da ke kamun sa, irin su Norway, Birtaniya, Iceland, Rasha da Tarayyar Turai, sun kasa daidaitawa kan rabon kaso, kowacce na yanka wa kanta, har jimillar ta riƙa zarce abin da masana suka ce teku za ta iya jurewa. A 2025 majalisar masana kimiyyar teku ta ICES ta ba da shawarar a rage kamun wannan kifi da kusan kashi 70 cikin ɗari a 2026. Ko da naira ta farfaɗo, kayan da ya yi ƙaranci a tushensa ba zai yi araha a Sabon Gari ba.

A Afirka ta Yamma kuwa wata gasar ce ta kunno kai. Masana'antun garin kifi da suka yawaita a Muritaniya, Senegal da Gambiya na niƙe ƙananan kifaye dangin sardin, waɗanda su ne naman talaka, ana fitar da garin zuwa Turai da Asiya domin ciyar da dabbobi da kifin gona. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sama da tan dubu 500 ake niƙewa duk shekara, adadin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33.

Darasi daga Ghana

Ghana ce misali mafi kusa na abin da ke faruwa idan aka bar teku ba mai tsaro. A can manyan jiragen jan taru sun daɗe suna kwashe ƙananan kifayen da doka ta bar wa masu kwalekwale, su daskarar da su, su sayar a tsakiyar teku cikin wata haramtacciyar harka da ake kira saiko. Ƙungiyar EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin tan dubu 100 aka sauke ta wannan hanya. Masunta a Elmina da Tema suka riƙa dawowa da taru kusan fayau, kuma a 2021 Tarayyar Turai ta sake ba ƙasar katin gargaɗi, karo na biyu.

Hukumomin Accra sun ɗauki matakin rufe teku na wani lokaci a kowace shekara domin kifi ya samu sararin hayayyafa: tun 2016 ga manyan jirage, daga 2019 kuma har da masu kwalekwale. Matakin ya zo da raɗaɗi, domin masuncin da ke ci daga hannu zuwa baki ba shi da abin da zai riƙe iyalinsa wata guda cur, su ma mata masu banda sana'arsu kan tsaya cik. A 2025 gwamnatin John Mahama ta cire ƙananan masunta daga hutun, sannan sabuwar dokar kamun kifi ta faɗaɗa yankin da aka keɓe musu daga mil shida zuwa mil 12 na teku. Abin da Ghana ta koya da tsada shi ne, hana talaka shiga ruwa ba ya wadatarwa muddin babban jirgi na ci gaba da ɓarna.

Ina Najeriya ta kwana?

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, da ikon cin moriyar ruwa har mil 200 daga gaɓa. Dokokin kamun kifi na 1992 sun haramta wa jiragen jan taru shiga mil biyar na farko, wanda nan ne matattarar ƙananan kifaye kuma gonar masu kwalekwale. Amma masunta a jihohin gaɓa sun daɗe suna kukan cewa jirage na keta wannan iyaka suna yayyaga musu taru. Ita kanta dokar ta haura shekara 30, kuma tarar da ke cikinta ta zama abin da mai laifi zai biya yana murmushi.

Ga kuma dazukan bakin teku na yankin Neja Delta, masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda babu kamarsu girma a Afirka. A cikin saiwoyinsu kifi da jatan lande ke yin ƙwai su girma kafin su fita teku. Malalar mai, sare itace da mamayar wani baƙon kwakwa mai suna nipa na cinye su. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Ba a rasa yunƙuri ba. A Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikata ta musamman kan harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, ya ɗora Adegboyega Oyetola a kanta, daga baya aka mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashinta. Shirin Deep Blue da aka ƙaddamar a 2021 ya samar da jiragen sintiri na ruwa da na sama, kuma fashin teku ya ragu ainun. Haka nan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta hana gwamnatoci tallafa wa haramtaccen kamun kifi, wadda ta fara aiki a Satumbar 2025.

Abin da ya rage shi ne aiki. Idon da ke gadin jiragen dakon mai zai iya gadin mil biyar na masunta. Wallafa sunayen jiragen da ke da lasisi, kamar yadda Senegal ta yi a 2024, ba ya buƙatar kasafi mai yawa, sai dai niyya. Kuma tun da kifi bai san iyakar ƙasa ba, duk wani hutun teku sai an tsara shi tare da maƙwabta ta kwamitin kamun kifi na yankin da ke da mazauni a Tema, tare da tanadin tallafi ga waɗanda za su ajiye taru.

Ga ɗan kasuwa mai ɗakin sanyi, lissafin a fili yake: dogaro da kifin Turai kaɗai ya zama kasada. Ga ma'aikacin da albashinsa ya daina kai wa ga nama, kifi ne mafaka ta ƙarshe a tukunya. Gemun Ghana ya riga ya kama wuta. Ya rage wa Najeriya ta shafa wa nata ruwa tun akwai sauran abin cetowa.