Sanin Duniya: Horon Malaman Lakwal a Kan Kisan Yahudawa

A Madawa da Buza da Keita, tsofaffi suna kiransa yaƙin Hitila. An fara shi a 1939, ya ƙare a 1945. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, kuma an ɗebi samarin ƙasar nan aka kai su soja. Amma cikin yaƙin nan an yi wani abu wanda ba fagen daga ba ne. Gwamnatin Jamus ta shirya ta ƙarar da wata al'umma gaba ɗaya, wato Yahudawan Turai. An kashe kamar mutum miliyan 6, cikinsu yara wajen miliyan 1 da rabi. A ƙidayar 2012, jahar Tawa duka tana da mutum miliyan 3 da dubu 300 da ɗoriya. Ke nan waɗanda aka kashe sun kusa ninka mutanen jahar nan. Irin wannan shi ake kira kisan ƙare dangi.

Abin ba da bindiga ya soma ba. Hitila ya hau mulki a 1933. Aka fara da baki: su ne suka jawo talauci, su ne maciya amana. Aka ce kada a sayi kaya a kantunansu. A 1935 aka hana auratayya da su. A 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka kori ƴaƴansu daga lakwal. Daga baya aka tilasta musu ɗinka tauraro mai ruwan ɗorawa a riga, don a gane su daga nesa. Sai a 1941 aka shiga kashe su gari-gari. Jiragen ƙasa suka riƙa kwasarsu zuwa sansani. A sansanin Oshwits kaɗai, cikin ƙasar Polan, an kashe Yahudawa kusan miliyan 1, yawanci da iska mai guba. Sojojin Rasha suka buɗe wurin ranar 27 ga Janairu 1945.

To, me ya kawo malaman lakwal cikin zancen? Saboda da su aka yi aikin. A Jamus, malamai da yawa sun koya wa yara cewa jinin wasu ya fi na wasu tsarki. A Ruwanda ma, kafin kisan 1994, akwai lakwal inda mushe zai ce ƴaƴan Tutsi su miƙe tsaye a gan su. Rediyo ya riƙa kiransu kyankyasai. Cikin kwana 100 aka kashe wajen mutum dubu 800.

Shi ya sa a 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 27 ga Janairu don tunawa, ta kuma roƙi ƙasashe su koyar da wannan tarihi. A 2017 hukumar UNESCO ta fitar da littafin jagora don ma'aikatun ilimi. A Paris akwai gidan tarihi mai suna Mémorial de la Shoah, wanda yake horar da malamai. Afirka ta Kudu ta sa darasin cikin tsarin karatunta tun 2007.

Horon yana da amfani, gama darasin yana da wuyar riƙo. Malamin da bai koyi hanyarsa ba zai karanto lissafin gawa, ya nuna hotuna masu firgita yara, ya tashi. Wanda aka horar yakan ɗauki labarin gida ɗaya: uba tela ne, uwa, yara uku, maƙwabta. Ya bi su shekara-shekara, har yara su ga ranar da maƙwabci ya daina gaisuwa. Yakan kuma faɗi waɗanda suka ƙi bin umurni. A Albaniya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, manoma sun ɓoye Yahudawa cikin gidajensu don riƙon amana. Da yaƙi ya ƙare, Yahudawan ƙasar sun fi na farko yawa.

Akwai tambayar da babu makawa wani yaro zai yi: to, Falasɗinawa fa? Malami nagari ba ya tsawata masa. Yakan ce wannan ma zance ne mai nauyi, yana da darasinsa. Sannan ya nuna shekaru a allo: kisan ya ƙare a 1945, an kafa Isra'ila a 1948. Jaririn da aka kashe a Polan a 1942 bai ƙwace gonar kowa ba.

Malamin ƙasar Adar da Gobir ba sai ya je nesa neman mafarin zance ba. A 1899 ayarin sojan Vule da Shanwan ya ƙone Birnin Ƙonni, ya kashe mutane masu yawa. A 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, an kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A watan Nuwamba 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, faɗa kan ɓarnar gona ya ci aƙalla mutum 18.

Nan ma sai da horo. Toda da Bangi ba daidai suke da abin da aka yi a Jamus ba, inda gwamnati ce da kanta ta tsara kisan, da doka da ma'aikata da jiragen ƙasa. Malamin da ya haɗa su ya ce duk ɗaya ne, ya ɓata tarihi. Inda suka yi kama wuri ɗaya ne: an ɗora laifin mutum guda a kan dangi duka, har da na goye. Kuma a aji ɗaya na ƙauyen ƙasar Buza, ɗan manomi da ɗan makiyayi benci ɗaya suke zama suna saurarensa.