Jitar Azbinawa da Tambayar da Ke Gaban Matasa

A 'yan shekarun nan sunan ƙungiyar Mdou Moctar ya zagaya duniya, har jaridun Amurka da Turai suna sanya ta cikin fitattun masu kiɗan rok na wannan zamani. Da yawa daga matasa sun ji sautinta a wayoyinsu ba tare da sanin su wane ne 'yan ƙungiyar ba, ballantana inda suka fito. To, sanin hakan yana da amfani, domin akwai abin lura a ciki, ko da ga wanda ba ruwansa da kiɗa.

Jagoran ƙungiyar, Mahamadou Souleymane, Ba'azbine ne daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma tashi cikin gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Da ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga magabatan jitar Azbinawa, sai ya haɗa tasa jitar da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, kuma shi ya koya wa kansa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urorin da mawaƙan finafinan Hausa ke gyara murya da su. Ba kamfani ba rediyo, waƙoƙin suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya har suka ratsa Sahara, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya nemo shi.

Sauran ukun da suka yi faifan 2021 da na 2024 tare da shi, kowa da tasa hanyar. Ahmoudou Madassane, mai jita ta biyu, ya yi aiki da ƙungiyar 'yan matan ƙauyen Illighadad masu ɗora jita a kan kiɗan tende na gargajiya. Souleymane Ibrahim shi ne maganɗi. Mikey Coltun kuwa Ba'amurke ne, shi ke riƙe da jitar nan mai kaurin murya, shi ke kuma tace faifan. Makarantar ƙungiyar ba wata ba ce illa filayen bikin aure na Agadas, inda ake kwana ana wasa cikin ƙura da janareta.

Abin tambaya shi ne: da duniya ta juyo ta saurare su, me suka ce mata? Faifan 2021 sunansa Afrique Victime, wato Afirkar da aka zalunta. Na 2024 kuwa Funeral for Justice, jana'izar adalci ke nan. A ciki sun fito fili sun tuhumi Faransa da sauran 'yan mulkin mallaka, su da suka ga yadda ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 ana haskaka biranen Turai, alhali ƙauyukan masu ƙasar suna kwana cikin duhu. Sun koka kan yadda harshen Tamashek ke neman ɓacewa a bakin 'ya'yansa. Kuma da harshen nasu suka faɗi haka, da rawunansu a ka, a tsakiyar biranen waɗanda suke tuhuma. Wannan ba sabon abu ba ne wurinsu, domin jitar Azbinawa daga gudun hijira ta fito, daga samarin da fari da fatara suka kora zuwa Aljeriya da Libiya, kamar yadda tarihin ƙungiyar Tinariwen ya nuna. Kisan gillar da sojoji suka yi a Cintabaradan a 1990 kuwa yana nan a zukatansu.

Hukuncin kiɗa dai magana ce ta malamai, kuma saɓaninsu a kai sananne ne. Babu wanda ke cewa matashi ya ajiye littafi ya ɗauki jita. Abin da ake nunawa shi ne, mutanen da ba su da komai sai wayar birki sun riƙe harshensu da kukan al'ummarsu, ba su sayar ba a ranar da kasuwa ta buɗe musu. Sai a kwatanta da saurayin da ke da waya mai tsada da intanet, amma duk burinsa ya kwaikwayi tafiya da askin wani mawaƙin da bai ma san ma'anar kalmominsa ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka ya kamata kowane matashi ya tambayi kansa: baiwar da Allah Ya ba shi, alƙalami ce, murya ce ko sana'ar hannu, wa take yi wa aiki? Raunana ko azzalumai? In ɗan makiyaya ya iya faɗa wa Faransa gaskiya a idonta, to wanda ya yi karatu ba shi da uzurin yin shiru. Allah Ya sa a gane.